Kafin a Tambayi Sunan Kamfani, a Tambayi Sana'arsa: Tsokaci a Kan Sayen Hannun Jari a Ƙasar Karaye da Rogo

Gabatarwa

Shekaru ashirin da suka wuce, mutumin Turawa ko na Rogo da ke son sayen hannun jari sai ya yi tattaki zuwa birnin Kano, ya nemi ofishin dillali, ya cike takardu, sannan ya koma gida ya zauna jiran takardar shaida na tsawon watanni. A yau wayar hannu ta rage wannan tafiya. A watan Disamba na 2021 kamfanin MTN ya sayar wa jama'a hannun jarinsa ta intanet a kan naira 169 kowane ɗaya, mafi ƙarancin abin da mutum zai saya kuwa guda 20 ne, wato naira 3,380. Daga 2024 kuma bankuna suka yi ta neman masu zuba jari, bayan da Babban Bankin Najeriya ya umarce su da su ƙara ƙarfin jarinsu. Ƙofar da a da ta attajiran birni ce ta buɗe wa malamin firamare da mai shagon taki da matashin da ya sayar da masararsa.

Buɗewar ƙofa ba ta zo da sanin hanya ba. Mafi yawan sababbin masu saye suna zaɓe ne da suna: sunan kamfanin da suka saba ji, ko sunan attajirin da ya mallake shi, ko sunan da wani ya ambata a zauren WhatsApp. Ra'ayin wannan maƙala shi ne an fara daga inda ya kamata a ƙare. Tambayar farko ita ce: a wane sashe na sana'a wannan kamfani yake, kuma wace iska ce take kaɗa sashen? Sai an amsa wannan kafin a zo kan suna.

Mene ne Sashe?

Kasuwar hannun jari ta Najeriya, wadda aka kafa a Legas a 1960, ta buɗe reshe a Kano a 1989, ake kuma kiranta NGX tun 2021, ta kasa kamfanonin da ke cikinta gida-gida, fiye da goma. Akwai sashen hada-hadar kuɗi, inda bankuna da kamfanonin inshora suke. Akwai na kayan masana'antu, wanda siminti ya mamaye. Akwai na kayan masarufi, kamar sukari da fulawa da taliya da sabulu. Akwai na sadarwa, da na noma, da na mai da iskar gas, da na lafiya, da sauransu. Hikimar wannan kaso ita ce kamfanonin gida ɗaya sukan sayi kayan aiki iri ɗaya, su sayar wa mutane iri ɗaya, su kuma zauna ƙarƙashin doka ɗaya. Abin da ya taɓa ɗaya da wuya ya bar sauran.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga manomi. Wanda ke noma a gefen madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, ya san ba a fara zancen iri sai an san ƙasa. Rake yana son fadama, gero yana son jigawa. Komai kyan irin rake, in aka kai shi tudu marar ruwa an yi asarar iri da wahala. Sashe shi ne ƙasar, kamfani shi ne irin. Ɗan kasuwar Dawanau ma haka yake yi: kafin ya tambayi wa ya kawo waken, sai ya san ko bana shekarar wake ce. Abin mamaki shi ne mutumin da ba ya cinikin biri a sama a kasuwar Karaye, da ya riƙi waya sai ya tura kuɗinsa ga kamfanin da bai san abin da yake saye ko yake sayarwa ba.

Darussa Uku Daga Tarihi

Darasi na farko yana bakin ƙofarmu. An kafa masaƙar Kaduna Textiles a 1957, daga nan masaƙu suka yawaita a Kaduna da unguwannin masana'antu na Kano, wato Bompai da Sharaɗa da Challawa, har saƙa ta zama ɗaya daga cikin sana'o'in da suka fi ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan. Daga 1986, lokacin da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Wutar lantarki ta yi ƙaranci, man da ake ƙonawa a tukwanen masaƙu ya yi wuyar samu, sannan atamfa mai araha daga Sin ta cika Kantin Kwari. A 2007 masaƙar UNTL ta Kaduna, wadda ta fi kowace girma kuma hannun jarinta ke kasuwa, ta rufe ƙofa. A cikin waɗannan masaƙu akwai masu shugabanci nagari, akwai masu sakaci, amma ambaliyar ba ta tantance ba. Wanda ya zauna yana auna wace masaƙa ce ta fi iya aiki ya amsa ƙaramar tambaya ya bar babbar.

Darasi na biyu na bankuna ne. A 2004 gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, abin da ya rage yawansu daga 89 zuwa 25. Bankunan suka fantsama neman masu saye, farashi ya yi ta hawa, har wasu suka riƙa ba mutane bashi don su sayi hannun jarin bankunan. Kafin a farga, bankuna sun zama fiye da rabin darajar kasuwar baki ɗaya. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya haura 66,000, cikin shekara guda kuma ya zube da kusan kashi 70 cikin ɗari. A Agustan 2009 sabon gwamna, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, aka zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe. A Agustan 2011 aka ƙwace lasisin Afribank da Bank PHB da Spring Bank. Masu ajiya sun tsira da kuɗinsu, masu hannun jari suka tashi a tutar babu. Da yawa a lokacin sun ɗauka sun rarraba ƙafa saboda sun sayi bankuna huɗu ko biyar, alhali duk a rumbu ɗaya suka zuba hatsin, gobara ɗaya ta ishe shi.

Darasi na uku sabo ne. A watan Yuni na 2023 gwamnati ta saki farashin naira. Dalar da ake saye kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Wannan mataki ɗaya ya raba kasuwa biyu. MTN, wanda masu amfani da layinsa ba su ragu ba, cinikinsa ma ƙaruwa ya yi, ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023 da kusan biliyan 400 a 2024, domin yana karɓar naira ne a hannun jama'a alhali hayar turakunsa da wasu basussukansa suna bin dala. Kamfanin sukari na Dangote ya yi asarar fiye da biliyan 70 a 2023, da fiye da biliyan 190 a 2024. A daidai wannan lokaci manyan bankuna, waɗanda suke riƙe da kadarori na dala, suka bayyana ribar da ba su taɓa gani ba, har majalisa ta ɗora harajin kashi 70 cikin ɗari a kan ribar canjin kuɗi a 2024. Kamfanonin manja na Okomu da Presco a jihar Edo su ma suka ci riba, domin gonakinsu a gida suke, ma'aikatansu naira ake biyansu, farashin manja kuwa yana tashi duk lokacin da na waje ya yi tsada. Babu wanda ya canja suna a cikinsu. Iska ce ta juya, kowane sashe ya karkata gwargwadon inda ya sa gaba.

Tambayoyin da Ake Auna Sashe da Su

Daga waɗannan darussa ana iya tsamo tambayoyi huɗu waɗanda ba sa buƙatar digiri a fannin tattalin arziki.

Ta farko: da wane kuɗi sashen yake saye, da wane kuma yake sayarwa? Wanda yake saye da dala ya sayar da naira yana cikin hatsari duk ranar da naira ta faɗi. Wanda yake kashe naira ya sayar a farashin da ke bin dala yana cin gajiyar faɗuwar. Siminti yana tsakiya: dutsen da ake yinsa da shi a gida ake haƙo shi, a Obajana da Kalambaina da Ashaka, amma makamashi da kayan gyara suna jin zafin canji.

Ta biyu: wa yake yanka farashi? Kamfanoni uku ne suka riƙe kasuwar siminti, wato Dangote da BUA da Lafarge, kuma gina sabuwar masana'anta yana cin kuɗin da ba kowa ke da shi ba. Saboda haka in tsada ta same su, suna iya miƙa wa mai saye. Kamfanonin sadarwa kuwa ba su da ikon ƙara kuɗin kira sai da izinin hukumar NCC. Sun shafe shekaru fiye da goma ba a ba su wannan izini ba, sai a Janairun 2025 aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari, daga nan MTN ya koma cin riba. Mai hannun jari a sadarwa, ko ya sani ko bai sani ba, yana jiran sa hannun hukuma ne.

Ta uku: wace manufar gwamnati ce ta ɗaga sashen, kuma yaya zai kasance in aka janye ta? Siminti ya bunƙasa ne bayan manufar 2002 wadda ta ɗaure izinin shigo da shi ga waɗanda suka gina masana'anta a gida. Saƙa ta mutu ne a lokacin da kariya ta yi rauni. Manomanmu sun ɗanɗana wannan kwanan nan. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Waɗanda suka saba sayen hatsi da kaka su ajiye har bazara sun ga yadda farashi ya karye a 2025, wasu suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Ba wanda ya ce masararsu ba ta da kyau.

Ta huɗu: yaya sashen yake da bashi? Daga tsakiyar 2023 zuwa ƙarshen 2024 Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin ɗari. Ga mai ba da bashi wannan kaka ce. Ga masana'antar da ke cin bashi don sayen ɗanyen kaya, kuɗin ruwa na iya cinye ribar shekara kafin ta iso hannun masu jari.

Tarkon "Ai na San Wannan Sana'a"

Ana yawan ba sabon mai zuba jari shawarar ya sayi abin da ya sani. Shawarar tana da kyau, amma a ƙasar Karaye da Rogo tana ɗauke da tarko biyu.

Na farko shi ne kamanni. Manomin rake a Rogo na iya cewa ya san sukari, don haka zai sayi hannun jarin kamfanin sukari. Sai dai raken Rogo da na Maƙarfi sha ake yi, ko a dafa shi a yi mazarƙwaila. Sukarin da ke kanti kuwa mafi yawansa ɗanye ake shigo da shi daga Burazil a tace shi a matatu irin ta Apapa a Legas, duk da gonakin Numan da shirin ƙasa na bunƙasa noman rake da aka amince da shi a 2012. Ko rake ya yi albarka a Rogo ko bai yi ba, ribar matatar ba ta ji ba. Abin da take ji shi ne farashin dala da farashin sukari a kasuwar duniya. Haka zancen yake ga fulawa: alkamar da ake nomawa a Kadawa kaɗan ce ƙwarai in aka gwada da wadda jiragen ruwa ke saukewa. Sanin amfanin gona daban, sanin masana'antar da ke sarrafa shi daban.

Tarko na biyu ya fi ɓoyuwa. Dukiyar mutumin karkara ta riga ta taru a sashe ɗaya: gonarsa, da hatsin da ya ajiye, da shanunsa, da bashin da manoma 'yan'uwansa suke riƙe masa. Ko malamin makaranta a nan, rabin samunsa daga gona yake. In damina ta ƙi, ko farashin hatsi ya karye, duk tare suke faɗuwa. Idan irin wannan mutum ya ɗauki ɗan rarar da ya samu ya zuba a kamfanin da shi ma arzikinsa ya rataya ga damina da aljihun manomi, ya ƙara wa rumbun nan guda kaya ne kawai. A ganina babban amfanin kasuwar hannun jari ga mutumin Turawa shi ne ta ba shi rabo a sana'ar da ba ruwanta da ruwan Agusta. Don haka ya kamata ya fara lissafa inda dukiyarsa take a yanzu, sannan ya nemi sashen da ba ya faɗuwa tare da ita.

Batun Halal

Mafi yawan masu karanta wannan maƙala ba za su sayi hannun jarin kamfanin giya ko na caca ko bankin da ke cin riba da kuɗin ruwa ba. Wannan ma tantance sashe ne, tun kafin a zo kan lissafin riba. Tun 2012 kasuwar take da ma'auni na musamman, wanda aka kafa tare da kamfanin Lotus Capital, da ke tattara kamfanonin da suka tsallake sharuɗɗan Shari'a ta fuskar sana'arsu da yawan bashin da ke kansu. Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, ya shiga kasuwar a 2017.

Sai dai akwai abin lura. In aka cire bankunan kuɗin ruwa da inshorar da aka saba da kamfanonin giya, abin da ya rage ya taru ne a sassa kaɗan, musamman siminti da sadarwa da abinci. Biyu daga cikin ukun nan sun nuna a 2023 cewa ciwo ɗaya ke kama su, wato dala. Ke nan mai neman halal ya fi kowa buƙatar nazarin sashe, domin filinsa ya fi ƙunci, kuskure ɗaya ya fi yi masa illa. Yana da kyau ya san akwai sukuk na gwamnatin tarayya, wanda aka fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, a matsayin wurin ajiye wani kaso na jarinsa a wajen hawa da saukar hannun jari.

Abin da Masu Saɓani za Su Ce

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce sashe ba shi ne komai ba, kuma yana da hujja. A guguwar 2008 da 2009 wasu bankuna sun nutse, wasu irin su GTBank da Zenith sun fita da ƙarfinsu, suka ci gaba da raba riba. Sashe ɗaya, ƙarshe daban. Zai ƙara da cewa duk abin da mutumin ƙauye ya gano game da wani sashe, manyan dillalan Legas sun riga shi sani, farashi ya riga ya ɗauka. Wanda ya ga manja ya yi riba sannan ya ruga saye na iya zuwa bayan an watse.

Duka biyun gaskiya ne, amma ba su rushe maganar ba. Nazarin sashe ba ya maye gurbin nazarin kamfani, gabansa yake zuwa. Bayan an san ƙasa dole a zaɓi iri: a duba bashin kamfanin, da tarihin rabon ribarsa, da amanar shugabanninsa, da ko farashin da ake nema ya dace da abin da yake samu. Game da batu na biyu kuwa, ƙaramin mai jari ba ya nazarin sashe don ya riga dillalan Legas. Yana yi ne don ya san irin hatsarin da ya saya, kada ya tara shi wuri ɗaya, kada kuma ya firgita ya sayar ranar da abin da aka san zai faru ya faru. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayi MTN yana sane da cewa dala ce ciwonsa, izinin hukuma ne maganinsa, yana da dalilin haƙuri a 2024. Wanda ya saya don suna kawai ba shi da abin riƙewa sai jita-jita.

Akwai wata fa'ida ta daban. Tambayar "wace sana'a kuke yi?" ita ce mafi sauƙin tankaɗe da ake raba kamfani da 'yan damfara. MMM da ya daskarar da kuɗin jama'a a Disambar 2016, da CBEX da ya rushe a Afrilun 2025, babu wanda yake da buhu ko turke ko gona da zai nuna. Alkawarin ninka kuɗi kawai suke da shi. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu irin wannan harka, amma doka takan iso ne bayan kuɗi sun tafi. Mutumin da ya saba tambayar me ake sayarwa, wa ke saye, daga ina riba take fitowa, da wuya ya faɗa wannan rami.

Kammalawa

Matsalar da ta rage ta harshe ce, kuma a nan ne ta shafi masu wannan mujalla kai tsaye. Rahotannin shekara na kamfanoni da sanarwar hukumar SEC da bayanan NGX duk da Ingilishi suke fitowa, Ingilishin ma na akantoci. Manhajar waya ta sauƙaƙa saye, ba ta sauƙaƙa fahimta ba. Ratar da ke tsakani kuwa masu zaurukan WhatsApp ne suke cike ta da "sayi wannan, zai tashi".

Sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu, tare da takwarorinsu na tattalin arziki da akanta, suna iya daidaita kalmomin wannan fanni kamar yadda aka yi wa nahawu da kimiyya a baya. Hukumar SEC da NGX suna iya wajabta wa manyan kamfanoni fitar da taƙaitaccen bayanin shafi biyu da Hausa duk shekara, wanda zai faɗi abin da kamfani ke sayarwa, da kason kayan aikinsa da ke zuwa daga waje, da bashin da ke kansa da irin kuɗin da aka ci shi. Gidajen rediyon Kano da ke karanta farashin masara da wake suna iya ware minti goma a mako don bayyana abin da ke faruwa a sashe guda.

Kafin a kai ga haka, shawara ga mai ɗan rarar kuɗi a Turawa ko Karaye ko Rogo ita ce ya riƙe wayarsa tukuna, ya ɗauki takarda. Ya rubuta inda dukiyarsa take a yau. Ya rubuta sashen da yake son shiga, da amsoshin tambayoyin nan huɗu. Ya tabbatar dillalin da zai bi ta hannunsa yana da rajista da SEC. In ya kasa cike takardar, kuɗin su zauna inda suke har ya samu wanda zai yi masa bayani, domin kasuwar tana buɗewa kowace Litinin, kuɗin da aka tara a damina uku kuwa in sun tafi sai an sake wasu damina ukun.